Kwana biyu cikin Birni da Zangon Damagaram

Duk ranar Alhamis motoci suna sauke ƴan kasuwa a Damagaram, daga Maraɗi, daga Tasawa, daga Matamai da Magarya, har da na Tanut da na Gure. Mutum zai shiga kasuwar Dole tun da hantsi, ya sayar, ya saro, ya sallami ƴan dako, kafin la'asar ya ɗaure kayansa ya nufi tasha. Akwai alhazai da hajiyoyin da suka shekara ashirin suna wannan zirga-zirga, sun san kowace rumfa da mai ita, sun san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, amma ko sau ɗaya ƙafarsu ba ta taka cikin Birni ba. Alhali tsakanin kasuwar da ƙofar fadar Sarkin Damagaram tafiyar ƴan mintoci ce a kan kabu-kabu.

Na ware Asabar da Lahadi na zaga tsofaffin unguwannin nan biyu, Birni da Zango, da ƙafa. Abin da ya hana ni cewa sai wani jiƙon shi ne labarin da kowa ya ji a farkon watan Satumba na 2024: aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tun ƙarni na 19, ya zube. Daminar wannan shekara ta ci rayuka sama da 300 a faɗin Nijar, ta shafi mutane fiye da miliyan guda, saboda haka ba wanda zai ce masallacin ne babbar asarar da aka yi. Amma ginin da ya ga zamanin sarakunan da, ya ga zuwan Nasara, ya ga ƴancin kai, ga shi ya tafi cikin yini ɗaya. Mai son ganin sauran, gara ya je tun suna tsaye.

Mai tasowa daga Maraɗi kilomita wajen 240 ke gabansa, ta Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Na Yamai kuwa wajen 900 ne, sai ya yi shirin wuni cikin mota. Daf da shiga gari za ka wuce wani gari da ake kira Tirmini. Direba ba zai tsaya ba, amma ka riƙe sunan, za mu komo kansa.

Asabar: cikin Birni

Birni da sassafe ake shigarta, tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Ka sallami mai kabu-kabu a bakin unguwa, domin lungunan ciki na masu tafiya ƙasa ne da jakai, wani lungun ma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Abu na farko da zai ɗauki idon baƙo shi ne duwatsu. Manyan duwatsu ne masu sulɓi, an gina gidaje a tsakaninsu, wani gidan ma dutsen ne rabin bangonsa. Awaki na kwance a kansu, almajirai na wanke allo a gindinsu, masu waina da ƙosai sun kafa murhu a inuwarsu. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Maraɗi ko ta Ƙonni zai ɗan tsaya ya duba.

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barebari yake. Wani malami, da ake kira Malam Yunus, shi ya kafa shi a wajajen shekarun 1730, kuma sarakunan farko suna kai gaisuwa Borno ne. Shi ya sa har yau in ka saurari sarautun fada za ka ji kalmomin Barebari a ciki, ko da yake Hausa ce bakin gari. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya dawo da gadon sarauta nan Zinder. Amma wanda ya mai da garin abin da ya zama shi ne ɗansa Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884.

Tanimun ne ya kewaye Birni da ganuwa a wajajen 1856. Abin da ya rage yanzu guntaye ne nan da can, shekaru da ruwan sama da faɗaɗar gari sun cinye sauran, amma ko daga kaurin guntun za ka gane irin aikin da aka yi da hannu da kwando. Bai tsaya ga ganuwa ba. Ya tara maƙera suna haɗa albarushi, suna zuba igwa a cikin garin nan, ya kuma riƙa sayen bindigogi daga fataken Tarabulus. Masu binciken tarihi sun rubuta cewa ya mallaki bindigogi wajen 6.000 da igwa wajen 40, a lokacin da yawancin sarakunan ƙasar Hausa ke dogaro da doki da kibiya da mashi. Da wannan ƙarfi Damagaram ta riƙa sassauta biyayyarta ga Borno, ta danne garuruwan da ke kewaye da ita, daga baya har ta kai ga fafatawa da Kano.

To da me aka sayi bindigogin? Nan ne ɗan kasuwa zai miƙe zaune. Da harajin ayari aka saye su, da fata, da gashin jimina, da kuma bayi. Wannan na ƙarshe ba a cika faɗarsa a bakin fada ba, amma yana rubuce. Wani Baturen Ingila, James Richardson, da ya sauka garin a farkon 1851, ya ba da labarin yadda ake kai hari ƙauyuka a kamo mutane a kawo kasuwa. Bajamushen nan Heinrich Barth shi ma ya yi wata guda a nan, daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, yana jiran kaya da kuɗi daga arewa kafin ya wuce Katsina. Duk wanda zai yi alfahari da ganuwar Tanimun, ni ma ina cikinsu, ya kamata ya san cewa akwai gumin waɗanda ba a tambayi yardarsu ba a cikin ƙasar da aka kwaɓa.

Fadar kanta tana tsakiyar Birni, gaban wani fili, ginin ƙasa ne na tsakiyar ƙarni na 19 mai bene. Dogarai na zaune a ƙofa cikin rigunansu ja da kore. Fada ce mai rai, ana zaman shari'a da sulhu a cikinta, ana kawo ƙarar gona da ta aure da ta bashi, saboda haka ba a faɗa mata kamar rumfar kasuwa. Ka yi sallama, ka gaida dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, su za su nuna maka inda aka yarda baƙo ya shiga da inda ba a yarda ba. In an ce a tuɓe takalmi, a tuɓe. Iyayenmu mata su yi lulluɓi kamar masu zuwa gidan surukai. Kuma a riƙe ɗan abin goro a hannu don wanda ya zaga da kai, aikinsa ke nan. A wannan filin ne ake hawan salla, kakaki da algaita da tambura na tashi, kuma mu ma'aikatan rediyo ba ma wuce nan ba mu tuna da Ma'azu ɗan Alalo ba, makaɗin fadar Damagaram, wanda muryarsa ta shiga gidajen mutane da yawa da ba su taɓa ganin garin ba.

Amma in ka tambaye ni, dukiyar Birni tana cikin lunguna ne, a fuskokin gidajen mutane. Za ka yi ta tafiya tsakanin bangayen ƙasa marasa ado, sai kawai ka karya kwana ka ci karo da zaure wanda aka zane fuskarsa tun daga dokin ƙofa har zuwa zankwaye. Zanen ba fenti ba ne kawai aka shafa. Magini ne yake fitar da shi da hannu tun yaɓen yana ɗanye, ya tayar da wani wuri ya kwantar da wani, ya yi dagi, ya yi takobi, ya yi da'ira cikin da'ira, daga baya a bi da launi. Zanen ƙofa shi ne shaidar mai gida a zamanin da. Wanda ya dawo daga fatauci da riba, ko ya sauke farali, ko ya samu sarauta, sai ya kira magina su sanar da unguwa. Abin da alhazan yau suke yi da gilashi da tayil da ƙofar ƙarfe, shi kakanninsu suka yi da ƙasa da yatsa.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ake wannan gini, domin a nan matsalar take. Tubalin gargajiya da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka haɗa da ciyawa aka bari ta kwana biyu ta ruɓa. Bango yana da kauri daga ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi yawa, magina suka ƙware wajen ɗaura baka, su lanƙwaso shi daga bango zuwa bango, har su rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga waje a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta kare bango daga ruwa. Sannan a kafa indararo ya riƙa watsa ruwan rufi nesa da gindin gini. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a irin wannan soro cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san bambancinsa da ɗakin tol.

Sai dai ginin ƙasa kamar dabba yake, yana son kiwo. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sake yaɓe inda ya zaizaye. In an yi haka yana iya shekara ɗari da ɗoriya. In aka tsallake damina biyu ko uku, ruwa ya sami hanya, shi ke nan. Abin da na gani a lunguna da yawa shi ne gidaje uku a jere, kowane da halinsa: ɗaya an kula da shi yana sheƙi, na biyu zankonsa ya karye bango ya tsage, na uku an rushe shi an tayar da bulo da siminti an rufa tol.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai gida ya rasu, magada goma sha, wasu suna Yamai, wasu Kano, wasu Libiya, kowa yana da haƙƙi a gidan, ba wanda yake jin yaɓen a wuyansa yake. Azara ta yi wuya ta yi tsada. Maginan da suka iya ɗaura baka sun tsufa, ƴaƴansu sun koma aikin bulo ko sun hau kabu-kabu, kuma ba zan ga laifinsu ba, nan ne ake samun na cefane. Ga kuma wani gyara da ya fi ɓarna muni: a ɗauko siminti a shafe bangon ƙasa da shi. Shekarar farko abin gwanin kyau. Amma siminti ba ya kama ƙasa, kuma yana hana bango shan iska. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa mafita, ya jiƙa ƙasar daga ciki ba wanda ya gani, wata rana sai ɓawon simintin ya ɓalle ya taho da rabin bango. Sai a haɗa da kwatocin da leda ta toshe, ruwan lungu ya kwanta a gindin gini yana ci.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Takarda tana da amfaninta, amma takarda ba ta yaɓe. Ni a ganina maganar nan ta ƴan kasuwa ce kafin ta zama ta hukuma, domin yawancin manyan gidajen nan ƴan kasuwa ne suka gina su, kuma yau ma ƴan kasuwa ne ke da kuɗin rushe su ko tsayar da su. Ba na cewa kowa ya zauna cikin ɗakin da ke yoyo don baƙi su zo su ɗauki hoto. Uwar gida da ke kwana tana tara kwanoni a ƙarƙashin rufi tana da gaskiya in ta ce a kawo tol. Amma Alhajin da zai zuba miliyoyi a cikin gida yana iya gina ɗakunan ciki yadda yake so, ya bar zauren kakansa da fuskarsa, ya biya magini ya riƙa duba shi duk shekara. Kuɗin wannan bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba a wasu gidajen da na sani.

Da azahar Birni takan yi tsit. Lokacin neman inuwa ke nan da fura mai sanyi. A riƙe ruwan sha a jaka, domin ƙarancin ruwa tsohon ciwon Damagaram ne. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, kuma ƴan ga-ruwa da jarkokinsu ba su taɓa rasa aiki ba.

Da la'asar sai a fita wajen tudun da barikin soja yake. Daga nesa za a tsaya, kuma kada a kuskura a ɗaga waya a ce za a ɗauki hoto, wurin soja ne. Faransawa ne suka gina shi suka sa masa sunan Kazamaju, bayan ƴancin kai aka mai da shi sunan Tanimun. Shi wannan Kazamaju kyaftin ne na sojan Faransa da ya iso Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, yana kan hanyarsa ta zuwa wajen tafkin Cadi. A fada aka yi zargin zai je ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya ci Borno, a dawo a auka wa Damagaram. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe shi tare da tafintansa. Shekara ta zagayo, rundunar nan ta Bule da Shanuwan, wadda ta bar gawarwaki da toka a Birnin Ƙonni da sauran garuruwan da ta ratsa, ta doso gabas. Su biyun sojojinsu ne suka kashe su a hanya cikin watan Yuli 1899, amma sauran rundunar ta ci gaba. A ƙarshen wannan wata aka gwabza a Tirmini, garin nan da direba bai tsaya ba. Dawakin Damagaram ba su iya da bindigogin zamani ba. Kuran Daga ya fice daga gari, aka bi shi aka kashe shi cikin Satumba. Yau babbar makarantar lise ta garin sunansa take ɗauke da shi.

Wanda Faransawa suka ɗora, Amadu ɗan Basa, shi ma bai daɗe ba. A 1906 suka zarge shi da ƙulla makircin kashe Turawan garin, suka tuɓe shi suka kai shi Kodibuwa, suka bar Damagaram ba sarki na jini har 1923. Ɗan garin nan, marigayi André Salifou, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani. Ɗaliban gidanku da ke karatun Faransanci su nemi littafinsa na tarihin Damagaram na 1971, su karanta muku.

Lahadi: Zango

Zango tana arewa da Birni, kuma sunanta ya faɗi aikinta. Birni ta sarki ce da fadawa da malamai. Zango ta baƙi ce. Ayarin Abzinawa in ya sauko daga Ayar da raƙuma, nan yake sauke kaya, a wajen ganuwa. Larabawan Gadamas da Gat da Tarabulus nan suke da wakilai. Da farko bukkoki ne da rumfuna, da ciniki ya kankama sai aka tayar da soraye, har wasu gidajen Zango suka fi na Birni ado, don mai kuɗi in ba shi da rawani, to ƙofar gidansa ce rawaninsa.

Mai karatu ya kwatanta yadda abin yake. Daga arewa ana kawo yadi, takarda, sukari, turare, duwatsun wuya, takubba da bindigogi. Daga Bilma da Fashi ana kawo kantun gishiri da dabino. Daga gabas, ƙasar Manga, manda da kanwa. Abin da ke tafiya arewa kuwa: jemammiyar fata, gashin jimina wanda matan Turai ke ƙawata huluna da shi, turkuɗin Kano, da hatsin da mutanen Ayar da Kawar ba su iya rayuwa sai da shi. Ƴan Maraɗi su lura da wannan: fatar jar akuya irin tasu tana cikin fatun da ke ratsa hamada har Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko. Ƙaramin ciniki da wuri ake yinsa, babba kuma da manyan kuɗin azurfa na Turai. Dalar nan da muke lissafi da ita har gobe, tamma biyar, daga irin waɗannan kuɗi ta gaji sunanta.

Kuma duk wannan ciniki a kan amana yake tafiya. Baƙo ya sauka gidan mai masauki, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an ci bashi. Attajirin Tarabulus ya ba da kaya a tafi da su, ba zai ga kuɗinsa ba sai bayan shekara ko fiye. Hajiyar da ke aika kuɗi Kano ko Kwatano ta hannun direba, ba rasit ba shaida, ta san wannan tsari, ba sabo ba ne.

Babban sunan Zango a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Malam Yaro, attajirin da ke da hulɗa har Tarabulus. Da Faransawa suka zo ya yi ciniki da su, ya zama mutuminsu. Bai hana ba, da aka tashi zargin 1906 sunansa ya fito cikin waɗanda aka tuhuma. Ɗan kasuwan da ya jingina da masu mulki ya ɗauki abin da zai ɗauka a nan.

Abin da ya karya Zango bai zo da bindiga ba. Shekarar 1911 abubuwa uku suka faru. Faransawa suka mai da Zinder babban birnin yankin Nijar, abin da ya yi kama da ɗaukaka. A wannan shekara Italiya ta kama Tarabulus, hanyar arewa ta rikice. A wannan shekara kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke ɗaukar watanni yana ratsa hamada da su, sai ga shi jirgin ruwa da jirgin ƙasa suna kawo su Kano da araha, kilomita wajen 240 kacal daga nan. Ciniki ya juya fuska daga arewa ya dubi kudu. Gashin jimina ya faɗi a kasuwannin Turai, gyaɗa ta hau. Waɗanda suka juya da wuri suka tsira, waɗanda suka zauna jiran ayari suka bar wa jikoki manyan soraye da labari. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin aka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

Ina tafe cikin lungunan Zango ina tuna watannin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, wadda ta kai har farkon 2024. Kowa ya ga yadda rumfa mai cike take komawa fayau in hanya ta toshe, da yadda wasu suka nemi wata hanyar cikin mako biyu, wasu kuma suka ci jarinsu suna jira. Mutanen Zango sun riga mu ganin wannan da shekara ɗari, sai dai tasu hanyar ba ta sake buɗewa ba.

Sana'ar da ta tsira daga wancan zamani ita ce ta fata. Har yanzu dukawan Damagaram suna ɗinka jakunkuna, takalma, matasan kai, kube da layu, da jan fata da baƙi da kore, kuma in ka samu wanda ya yarda ka zauna kusa da shi, ka ga yadda yake tsaga fata siriri kamar zare ya yi ado da ita, ba za ka ƙara taya kayansa da wulaƙanci ba. Ga masu saro kaya: a duba ɗinkin ciki, a shinshina fatar, wadda ba ta jemu sosai ba wari take yi in ta ji damshi. Saye daga hannun mai yi ya fi araha, kuma in an saba ana iya ba da samfuri a yi maka yadda kasuwarka ke so. Na ga jakunkunan roba na waje sun cika rumfuna a Maraɗi da Tawa, masu ɓarewa kafin salla ta zagayo, alhali ga wannan a kusa.

Wata sana'ar kuma tana bayan zaure, inda namiji baƙo ba ya shiga. A nan iyayenmu mata suka fi mu sa'a. Hajiya in ta yi sallama aka amsa, za ta shiga har tsakar gida, ta ga jeren ɗaki, ta ga inda ake murza alkaki, wanda Damagaram ta yi suna da shi, ta ga masu haɗa turaren wuta da humra irin na Barebari. Yawancin wannan kaya ba ya zuwa rumfa, yara ne ke kai shi gida-gida ko a yi odarsa don biki. Mai neman sabon abin sayarwa a unguwarta ta tambayi matan gidan da ta sauka, su za su haɗa ta da masu yi. Abu ɗaya dai: gidajen nan mutane ne a ciki, ba a leƙa zaure ba sallama, ba a kuma ɗaukar hoton mace ko na yaro sai an tambaya.

Wanda ya gama da Zango kafin azahar, kuma bai gaji ba, Mirya tana nan gabas, ƙasa da kilomita 20, kuma Lahadi ce ranar kasuwarta. Garin lambuna ne, ana samun kayan miya da rake da tukwanen ƙasa, motoci kuma suna tashi daga Damagaram tun safe. Mai komawa Maraɗi a ranar ya lissafa lokacinsa, ya bar Mirya da wuri don ya samu motar yamma, kuma ya sa alkakin a saman kaya, kada buhu ya danne shi.